Yadda ake gano matsala idan VPN ya haɗu amma faifan ofis ya ƙi buɗewa

VPN ya nuna ya haɗu, intanet kuma lafiya lau, amma ka danna faifan Z: da ake ajiye fayilolin ofis sai ka tarar da jan gicciye a kansa, ko Windows ta yi ta juyi har ta ce ba ta ga hanya ba. Haɗuwar VPN na nufin kwamfutarka ta shiga netwok ɗin ofis ne kawai. Kafin fayil ya buɗe sai abu huɗu sun cika: a sami hanyar da ke kaiwa ga saba (kwamfutar ofis da ke riƙe da fayilolin), ƙofa ta 445 da SMB (tsarin da Windows ke raba fayiloli da shi a netwok) ke amfani da ita ta kasance a buɗe, a iya mayar da sunan saba zuwa adireshin IP, sannan sabar ta amince da sunanka da kalmar sirrinka. Kowanne yana da gwajinsa, kuma bi da bi ake yin su. Wanda ya fara da canza kalmar sirri alhali hanyar ce a yanke, wahala kawai zai ƙara wa kansa.

VPN ɗin da ake magana a nan shi ne na ofis, irin su FortiClient, GlobalProtect, Cisco Secure Client (wanda a da ake kira AnyConnect), OpenVPN, WireGuard, ko wanda ke cikin Windows. Irin wanda mutane suka riƙa saukewa a 2021 lokacin da aka dakatar da Twitter a Najeriya ba ya kai ka ofis, kuma idan yana kunne a kwamfutar, kashe shi tun kafin ka fara.

Abubuwan da za ka tanada

Kwamfuta mai Windows 10 ko 11, da tagar PowerShell ta yau da kullum, inda za ka riƙa rubuta umarnin da ke ƙasa. Kada ka buɗe ta da ikon admin sai inda aka ce.

Bayanai biyar daga jami'in IT: cikakken sunan saba, adireshin IP ɗinta, sunan foldar da aka raba, sunan domen (tsarin da ke haɗa asusun ma'aikatan ofis wuri ɗaya), da adireshin sabar DNS ta ofis (mai mayar da suna zuwa adireshin IP). A misalan da ke ƙasa saba ita ce `fs01.kamfani.local`, adireshinta `10.20.0.5`, folda `Asusu`, domen `KAMFANI`, DNS kuma `10.20.0.2`. Ka musanya su da naka. Idan jami'in ba ya kusa, roƙi abokin aikin da ke cikin ofis ya rubuta `net use` don ganin sunan saba da folda, sannan `ping` da sunan sabar don ganin adireshin.

Hanyar intanet ta biyu, wato hotsufot na waya, in so samu ne a layin da ba wanda kake kai ba.

Wurin rubuta saƙonnin kuskure harafi da harafi, musamman lambobinsu.

1. Fara kiran ofis

Tambayi wanda ke zaune a ofis ko faifan yana buɗe masa. A ofisoshinmu sau da yawa na'urar VPN tana kan inbata ko UPS, sabar kuwa ta mutu tun da aka ɗauke wuta kuma ba wanda ya sake kunna ta. VPN zai haɗu sarai, fayil babu. Haka nan idan akwatin NAS ne, wato na'urar ajiye fayiloli da ake jona wa netwok, kuma ba a ƙayyade masa adireshi ba, yana iya tashi da sabon IP bayan an dawo da wuta. Idan 'yan cikin ofis ma ba sa iya buɗewa, ba a kwamfutarka matsalar take ba, tsaya a nan.

2. Tabbatar VPN ya ba ka adireshi

Rubuta `ipconfig /all`, ka nemo sashen da ke ɗauke da sunan VPN. Duba layin IPv4 Address da layin DNS Servers. Idan adireshin ya fara da 169.254, ko sashen ma babu shi, ba a ba ka adireshi ba. Cire haɗin ka sake haɗawa. Idan layin DNS babu komai, ko ba adireshin ofis ne a wurin ba, rubuta ka ajiye, zai yi amfani a mataki na 6.

3. Gwada sabar da adireshin IP

Wannan gwajin ne ke raba matsalar gida biyu, don haka kada ka tsallake shi:

`Test-NetConnection 10.20.0.5 -Port 445`

Layi biyu za ka karanta a amsar. TcpTestSucceeded zai nuna True ko False. InterfaceAlias kuma zai gaya maka ta inda saƙon ya fita, ta VPN ko ta Wi-Fi ɗin gida.

Idan True ne, hanya da ƙofa lafiya suke, wuce mataki na 6. Idan False ne kuma InterfaceAlias ya nuna Wi-Fi ko Ethernet, saƙonka bai ma shiga VPN ba, je mataki na 4. Idan False ne amma ta VPN ya fita, karanta ƙarshen mataki na 4 sannan na 5.

Kada ka dogara da `ping` shi kaɗai. Saba da yawa an hana su amsa ping alhali SMB na aiki, wasu kuma suna amsa ping amma 445 a rufe take.

4. Hanya: karon adireshi da rabon zirga-zirga

A nan aka fi samun matsala ga masu aiki daga gida. Rukunan adireshi uku aka ware don amfanin cikin gida: masu farawa da 10, masu farawa daga 172.16 zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168. Mafi yawan rautocin gida suna fitowa daga kamfani da 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Rautar Starlink tana kan 192.168.1.1, MiFi ɗin Huawei galibi 192.168.8.1. Ƙananan ofisoshi da yawa su ma ba su taɓa canza nasu ba. To idan gidanka 192.168.1 ne kuma sabar ofis 192.168.1.10 ce, kwamfutarka za ta ɗauka sabar tana nan cikin gidan, ta yi ta nemanta a Wi-Fi ba tare da ta leƙa VPN ba.

Kwatanta lambobi uku na farko na adireshin Wi-Fi ɗinka da na saba. In sun zo ɗaya, ga tabbaci mai sauri: koma kan hotsufot na waya ka sake haɗa VPN. iPhone yana raba adireshi a 172.20.10, wayoyin Android kuma ba kasafai suke faɗawa 192.168.0 ko 192.168.1 ba. Idan faifan ya buɗe, karon ne.

Gyara mai ɗorewa shi ne ka shiga shafin rautar gida, ka je saitin LAN, ka mayar da adireshinta wani da ba a saba amfani da shi ba, misali 192.168.57.1, ka duba rabon DHCP, wato adireshin da rautar ke raba wa na'urori da kanta, ya bi shi, sannan ka sake kunna ta. Firinta ko kyamarar da aka ƙayyade wa adireshi da hannu sai an gyara nasu su ma. Idan rautar ba taka ba ce, kamar a otal, ka tsaya kan hotsufot. Idan kai ne mai kula da netwok ɗin ofis, ka fitar da ofishin daga 192.168.0 da 192.168.1 gaba ɗaya. Aikin ƙarshen mako guda ne, amma zai raba ka da wannan kiran.

Idan babu karo amma saƙon ya bi Wi-Fi, VPN ɗin irin wanda ke raba zirga-zirga ne, kuma ba a saka rukunin da sabar take a cikinsa ba. Rubuta `route print -4` ka nemi 10.20.0.0. In babu, a WireGuard ana ƙara `10.20.0.0/24` a layin AllowedIPs. A OpenVPN mai kula da saba ne zai tura hanyar daga can. A VPN ɗin da ke cikin Windows, ka musanya "Ofis" da sunan haɗin VPN ɗinka:

`Add-VpnConnectionRoute -ConnectionName "Ofis" -DestinationPrefix 10.20.0.0/24`

Sai ka cire haɗin ka sake haɗawa. FortiClient da GlobalProtect daga na'urar ofis ake saita su, kai ba abin da za ka taɓa.

Akwai kuma hanyar dawowa, wadda ake yawan mantawa. Saƙo ya isa saba, amma sabar ba ta san ta inda za ta mayar da amsa ga adireshin masu VPN ba, saboda ita wata rauta daban aka nuna mata a matsayin mafita. `tracert -d 10.20.0.5` zai nuna zango na farko a na'urar VPN, daga nan sai taurari (*), alamar ba a sami amsa ba. Wannan aikin jami'in IT ne: ya ƙara hanyar rukunin VPN a babbar rautar ofis.

5. Ƙofa ta 445

Idan ping na amsawa ta VPN amma 445 False ce, katangar tsaro ce ta tare. Wuri uku ake dubawa. Na farko dokokin na'urar VPN, ko an yarda rukunin masu VPN su isa sabar a 445. Na biyu katangar Windows a kan sabar kanta: dokar File and Printer Sharing (SMB-In), a kwamfutar da ba ta cikin domen, tana karɓar baƙi daga rukunin adireshinta kaɗai. 'Yan cikin ofis suna shiga, mai VPN da aka ba wani rukuni daban ana korarsa. A buɗe dokar, a je shafin Scope, a ƙara rukunin VPN a jerin adireshin nesa. Na uku manhajar kariya daga bairos da ke kwamfutarka, wadda kan ɗauki VPN a matsayin baƙon netwok.

Za ka iya jin wani ya ba da shawarar a buɗe 445 a rautar ofis kai tsaye zuwa intanet don a huta da VPN. Kada a yi. Ta wannan ƙofar WannaCry ya bi ya kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama a watan Mayun 2017.

6. Sunan saba

Adireshi na aiki, suna ba ya aiki. A nan ake ganin System error 53 ko lambar 0x80070035. A cikin ofis, gajeren suna kamar `\\fs01` yakan yi aiki domin kwamfutoci suna shelar neman juna a netwok ɗaya. Irin wannan shelar ba ta ƙetare VPN. Shi ya sa ma sashen Network na File Explorer ke zama wayam idan kana gida, kuma wannan ba lalacewa ba ce.

Fara da cikakken suna. Danna maɓallin Windows da R, ka rubuta `\\fs01.kamfani.local\Asusu`. In ya buɗe, tsohon faifan da gajeren suna aka ɗaura shi, sai ka sake ɗaura shi a mataki na 10. In bai buɗe ba, yi gwaji biyu:

`Resolve-DnsName fs01.kamfani.local`

`Resolve-DnsName fs01.kamfani.local -Server 10.20.0.2`

Idan na farko ya faɗi na biyu ya kawo 10.20.0.5, Windows tana tambayar DNS ɗin kamfanin layinka ne maimakon na ofis. Share tsohuwar amsa da `ipconfig /flushdns`. Sannan `Get-NetIPInterface` zai nuna lambar InterfaceMetric ta kowane haɗi, kuma mai ƙaramar lamba ake fara tambaya. Da ikon admin, ka fifita VPN:

`Set-NetIPInterface -InterfaceAlias "Ofis" -InterfaceMetric 1`

Idan duka biyun sun faɗi, ko dai ba a yarda masu VPN su isa DNS a ƙofa ta 53 ba, ko sunan babu shi a can. In aiki na gaggawa ne, buɗe Notepad da ikon admin, ka buɗe `C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts`, ka ƙara layi ɗaya: `10.20.0.5 fs01.kamfani.local fs01`. Ka rubuta a wani wuri cewa ka yi haka, domin ranar da aka canza adireshin sabar, kwamfutarka kaɗai za ta ci gaba da neman tsohon, kuma ba wanda zai tuna dalili.

7. Sunan shiga, kalmar sirri da izini

Saba ta amsa amma ta ƙi ka. Lambar kuskuren ce za ta nuna inda za ka dosa.

System error 86 ko 1326 na nufin suna ko kalmar sirri ba daidai ba. Rubuta sunan tare da domen, `KAMFANI\sunanka`. Idan kwamfutar taka ce ta kanka, Windows za ta fara tura sunan asusun da ka shiga da shi, wanda sabar ba ta sani ba. A tagar kalmar sirri danna More choices ka zaɓi wani asusu. Idan NAS ne ko kwamfutar da ba ta cikin domen, sa sunan na'urar a madadin domen.

Idan kwanan nan ka canza kalmar sirri, tsohuwar na iya zama a ajiye. `cmdkey /list` zai nuna abin da aka ajiye, `cmdkey /delete:fs01.kamfani.local` kuma ya goge shi. Kwamfutar ofis da ke cikin domen tana da wata dabara: VPN na haɗe, danna Windows da L ka kulle ta, ka buɗe da sabuwar kalmar. Kada ka yi ta gwada kalmomi barkatai. Ofisoshi da yawa suna kulle asusu bayan 'yan kurakurai, kuma tsohuwar kalmar da ke ajiye a waya ko Outlook ma tana iya jawo kullewar.

System error 1219 na fitowa idan kana da haɗi da sabar da wani suna, ka kuma nemi shiga da wani daban. Windows ba ta yarda da suna biyu a saba ɗaya. Rufe duk fayilolin da ka buɗe daga can, ka rubuta `net use * /delete`, ka sake shiga.

Duba agogo. Tsarin Kerberos da domen ke amfani da shi wajen tantance masu shiga ba ya yafe bambancin da ya wuce minti 5. Kwamfutocin da aka shigo da su na hannu sukan zo da yankin lokacin Amurka ko Ingila, mai ita kuma ya gyara awa da hannu ya bar yankin yadda yake. Agogon zai yi daidai a ido, amma a lissafin saba ya kauce da awanni. A Najeriya da Nijar yankin shi ne West Central Africa, UTC+01:00, a Gana kuwa UTC daidai. Gyara yankin tukuna, sannan awa.

System error 5 na nufin an san ka, amma ba ka da izini. Izini hawa biyu ne, na rabon folda da na NTFS, wato wanda aka ɗora wa fayilolin a kan faifan sabar, kuma wanda ya fi tsauri ke aiki. Idan yanzu aka saka ka cikin rukunin masu izini, tsohon tikitin shiga da Kerberos ya ba ka bai san da haka ba: `klist purge`, sannan `net use * /delete`, ka sake buɗewa. System error 67 kuwa sunan foldar ne ba daidai ba. `Net view \\fs01.kamfani.local` zai jero sunayen na gaskiya.

8. Tsohon NAS da sabuwar Windows

Idan matsalar ta fara ne bayan sabuntawa, rubuta `winver`. Tun sigar 1709 ta Windows 10, a 2017, Microsoft ta fara janye SMB1, tsohuwar sigar SMB, daga sababbin kwamfutoci. A Windows 11 sigar 24H2 kuma, nau'ikan Pro da Enterprise da Education sun wajabta sa hannun SMB, wato hatimin da ke tabbatar da ba a taɓa saƙo a hanya ba, Pro ya kuma daina yarda da shiga folda a matsayin baƙo marar kalmar sirri. Tsohon NAS da aka bari a buɗe ga kowa zai daina shiguwa. Intanet cike take da umarnin kashe waɗannan kariyar, amma gyaran da ya dace a kan NAS ɗin yake: a sabunta manhajarsa, a kunna SMB2 ko SMB3 da sa hannu, a buɗe wa kowane ma'aikaci asusu da kalmar sirri. Akwatin da bai iya komai ba sai SMB1, lokacin canza shi ya yi.

9. Folda ta buɗe, fayil ya maƙale

Kana ganin jerin fayiloli, ƙanana suna buɗewa, manya kuma su tsaya cak, wani lokaci da System error 64. Yawanci girman ƙunshin bayanai da ake turawa a tashi ɗaya ne, wato MTU. Netwok na yau da kullum yana ɗaukar ƙunshi mai bayit 1500, VPN kuma yana ƙara nasa lulluɓi a kai, shi ya sa WireGuard ya saba amfani da 1420. Kamar tirela ce da aka yi wa lodi ya fi tsayin gada: ƙananan motoci na wucewa, ita tana tsaye. Gwada:

`ping 10.20.0.5 -f -l 1472`

Idan ya ce ƙunshin na buƙatar a raba shi, ko ya yi shiru alhali ping na yau da kullum na amsawa, rage lambar ashirin-ashirin har ya amsa. Ƙara 28 a kan lambar da ta yi aiki. In 1372 ce, MTU ya zama 1400. Samo sunan haɗin da `netsh interface ipv4 show subinterfaces`, sannan da ikon admin:

`netsh interface ipv4 set subinterface "Ofis" mtu=1400 store=persistent`

Wasu manhajojin VPN suna mayar da nasu duk lokacin da aka haɗa. A WireGuard, layin `MTU = 1380` ko abin da gwajinka ya bayar ake sakawa a fayil ɗin saiti.

Jinkiri zalla kuwa wani abu ne daban. SMB yana yawan kai-kawo da saba kafin ya buɗe fayil ɗaya, don haka a layin waya mai jinkirin milisakan 150 ko 200 zai yi nauyi komai yawan datarka. Kwafo fayil ɗin zuwa kwamfutarka, ka yi aiki, ka mayar. Ga manyan foldoji yi amfani da `robocopy` tare da `/Z /R:3 /W:5`, wanda ke ci gaba daga inda ya tsaya idan sabis ya yanke. Rumbun bayanan Access, fayil ɗin QuickBooks da fayil ɗin PST na Outlook kada a buɗe su kai tsaye ta VPN, domin yankewa ɗaya ana tsakiyar rubutu na iya lalata su. Ga irin waɗannan, shiga kwamfutar da ke cikin ofis ta Remote Desktop ka yi aikin a can.

Idan wasu fayiloli sun ɓace ko tsofaffi kake gani, duba Sync Center. Tsarin Offline Files yana komawa kwafin da ke kwamfutarka idan jinkiri ya wuce milisakan 35, abin da kusan kowane VPN a layin waya ke wucewa.

10. Sake ɗaura faifan

VPN na haɗe, a tagar da ba ta admin ba:

`net use Z: /delete`

`net use Z: \\fs01.kamfani.local\Asusu * /user:KAMFANI\sunanka /persistent:yes`

Tauraron zai sa a tambaye ka kalmar sirri ba tare da ta bayyana a allo ba. Idan a tagar admin ka yi wannan, zai ce ya yi nasara amma ba za ka ga Z: a File Explorer ba, saboda Windows tana ware faifan da aka ɗaura da ikon admin daban. System error 85 na nufin an riga an yi amfani da harafin, zaɓi wani.

Jan gicciye da safe ba matsala ba ce. Windows tana neman faifan tun lokacin shiga, kafin ka haɗa VPN. Haɗa VPN, ka danna faifan sau biyu, zai warware.

A Mac, buɗe Finder ka danna Command da K, ka rubuta `smb://fs01.kamfani.local/Asusu`. Gwajin ƙofa a Terminal shi ne `nc -vz 10.20.0.5 445`, tsofaffin kalmomin sirri kuma a Keychain Access ake goge su.

Idan har yanzu bai buɗe ba, tura wa jami'in IT abin da `ipconfig /all`, `route print -4` da `Test-NetConnection` suka nuna, da ainihin saƙon kuskuren da lambarsa, da lokacin da ka gwada, da irin intanet ɗin da kake kai, da kuma ko ya buɗe a hotsufot. Lokacin gwajin ne zai ba shi damar nemo ƙoƙarinka a rajistar na'urar VPN da ta saba. Kalmar sirrinka ba ta cikin abin da za ka tura, ko da ya nema.